Ƙa'idar tsayi ga yara a lilon wuraren shaƙatawa

Ƙa'idar tsayi ita ce mafi ƙarancin tsawon da ake buƙatar mutum ya kai kafin a bar shi ya hau wani lilo a wurin shaƙatawa. Kalmar lilo a nan ta haɗa duk na'urar da ake hawa don nishaɗi: jirgin da ke gudu kan dogo yana hawa da gangara, wanda ake kira rola kosta, da hasumiyar da ke ɗaga mutane sama ta sako su, da motocin karo, da kwale-kwalen gangaren ruwa. Ana rubuta ƙa'idar a allo a bakin layi, da inci a Amurka, da santimita a Turai da yawancin ƙasashe, kuma kusa da allon akwai sandar awo.

Dalilin zaɓen tsayi

Abin da ke riƙe mahayi a kujera iri uku ne: ƙarfen da ke sauka kan cinya, makarin da ke saukowa ta kan kafaɗu, da bel. An ƙera kowannensu ne don jiki mai wani girma, wanda bai gaza wani awo ba, bai kuma wuce wani ba. Abin da injiniya ya damu da shi a zahiri shi ne tsawon cinya, da kaurinta, da faɗin kafaɗa, da tsayin mutum daga mazauni zuwa ka idan yana zaune. Ba za a iya tsayawa auna waɗannan duka ga dubban mutane a layi ba. Tsayin mutum a tsaye kuwa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da su, kuma ana auna shi cikin daƙiƙa biyar ba tare da gardama ba. Shekaru ba sa yin wannan aikin: babu mai yawo da takardar haihuwar ɗansa a aljihu, kuma yara biyu 'yan shekara shida za su iya bambanta da santimita goma ko fiye.

Ga abin da ke faruwa idan jiki ya yi wa kujera ƙanƙanta. An yi kujerar ne don bayan mutum ya jingina sosai, gwiwarsa ta lanƙwashe daidai bakin mazauni, ƙarfen ya danne cinya kusa da ƙashin ƙugu. Yaron da cinyarsa ba ta kai zurfin mazaunin ba yakan zame gaba don gwiwarsa ta samu ta lanƙwashe. Da ya yi haka bayansa ya rabu da majingina, ƙarfen ya tashi daga kan ƙashi ya koma kan ciki, inda babu abin da zai tokare shi. Idan jirgin ya taka birki da ƙarfi, yaron na iya sulalewa ta ƙarƙashin ƙarfen. Idan kuma jirgin ya haura tudu da gudu ya fara gangara, jiki yakan tashi daga mazauni na ɗan lokaci, kuma a wannan lokacin cinyar da ta cika gurbin ƙarfen ce kaɗai ke hana mutum fita. Siririyar cinya tana barin rata.

Matsalar ta fi tsanani a tsofaffin jirage masu ƙarfe ɗaya ga mutum biyu. Ƙarfen yana tsayawa ne a cinyar wanda ya fi kauri, don haka yaron da ke gefen babansa zai iya samun ratar da ta kai tafin hannu a samansa. Makarin kafaɗa kuma nasa aibin daban ne: kan gajeren yaro yana faɗawa daidai tsakanin ɓangarorin makarin biyu, sai ya riƙa buguwa dama da hagu a kowace kwana. Ga shi kan yaro ya fi girma idan aka kwatanta da jikinsa. Kan jariri kusan rubu'in tsawonsa ne, na babba kuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas, kuma wuyan ƙaramin yaro bai yi ƙwarin ɗaukar fizga ba.

Akwai kuma dalilin da ba a cika tunawa da shi ba. Lilo yakan tsaya cak a sama idan wuta ta ɗauke ko na'urar tsaro ta ga wani kuskure. Mahayi zai zauna shiru wani lokacin na tsawon mintuna masu yawa, sannan ya sauko ta siririn tsani bisa umarnin ma'aikaci. Tsayi yana ba da ɗan haske kan ko yaro ya kai hankalin da zai iya wannan ba tare da ya yi yunƙurin zare jiki ya miƙe ba.

Wanda ke sa adadin

Kamfanin da ya ƙera lilon ne ke rubuta mafi ƙarancin tsayi a littafin aikinsa, bayan ya lissafa ƙarfin fizgar da jiki zai fuskanta ta kowace fuska da irin makarin da ya dace da ita. Mai wurin shaƙatawa yana iya ɗaga adadin, kuma da yawa suna yin haka bisa shawarar kamfanin inshora ko bayan wani haɗari, amma ba shi da hurumin rage shi da ra'ayin kansa. A Amurka ana bin mizanin kwamitin F24 na ASTM, ƙungiyar da ke tsara mizanin ingancin kayayyaki, musamman F2291 wanda ya shafi ƙira, kuma ya kasa makarai aji biyar gwargwadon tsananin motsi. A Turai akwai EN 13814, a matakin duniya kuma ISO 17842. Tun 1981 hukumar tarayya mai kula da lafiyar kayan masarufi a Amurka ba ta da iko kan lilon da ke kafe a wuri ɗaya, sai na tafi-da-gidanka, saboda haka sa ido ya rage ga jihohi, kuma tsarinsu ya bambanta.

Adadin da aka saba gani

A Walt Disney World da ke Fulorida, ƙaramin jirgin Barnstormer yana buƙatar inci 35, wato santimita 89. Seven Dwarfs Mine Train da Slinky Dog Dash suna buƙatar inci 38, santimita 97 ke nan. Tower of Terror da Soarin' inci 40, Expedition Everest inci 44, TRON Lightcycle Run inci 48, wato santimita 122. A Universal da ke Orlando, VelociCoaster yana neman inci 51, Incredible Hulk Coaster inci 54, daidai da santimita 137. A Alton Towers ta Ingila manyan jirage irin su Oblivion da The Smiler suna tsayawa kan mita 1.4.

Space Mountain, wani jirgin kamfanin Disney, misali ne mai kyau na yadda kujera ke yanke hukunci. Na Kalifoniya, inda mutum biyu ke zama gefe da gefe, inci 40 ne. Na Fulorida, inda ake zama ɗaya bayan ɗaya kuma babu babban da zai iya zama kusa da yaro, inci 44 ne. Suna ɗaya, kamfani ɗaya, amma bambancin santimita goma.

Wasu lilon suna da layin awo biyu: na ƙasa don wanda zai hau tare da babba, na sama don wanda zai hau shi kaɗai. A motocin Tomorrowland Speedway na Disney yaro mai inci 32 zai iya shiga, amma sai ya kai inci 54 zai tuƙa shi kaɗai. Disney ta kuma sharɗanta cewa yaron da bai kai shekara bakwai ba sai da rakiyar wanda ya kai sha huɗu. Akwai iyaka ta sama ma: jirgin GateKeeper a Cedar Point da ke Amurka ba ya ɗaukar wanda ya wuce inci 78, santimita 198, domin kada hannu ko ƙafa su kai ga ƙarafan da ke gefen dogo.

Bisa ma'aunin girma na Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin yaro yana kai kusan santimita 96 a shekara uku, 103 a shekara huɗu, 110 a shekara biyar, 122 a shekara bakwai, 138 a shekara goma. Matsakaici ne kawai, rabin yara suna ƙasa da shi. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsayin da ya dace da shekarunsu ba, kuma adadin ya fi haka a Arewa maso Yamma. Lilon da ake shigowa da su kuwa da awonsu na can suke zuwa. Don haka iyayen da suka kai yara wasa ranar Sallah kada su dogara da cewa yaro ya yi shekara bakwai; sandar ce abin dubawa, kuma inda ba a kafa sanda ba, ya dace a tambayi mai kula da lilon abin da littafin na'urar ya ce.

Yadda ake awo

Sandar tana da hannu a sama da ya fito gaba. Yaro zai tsaya a ƙarƙashinsa, ƙafafu a haɗe, dugadugai a ƙasa, haɓa a daidaice. Idan tsakiyar kansa ta taɓa hannun sandar ya kai, idan ya wuce ta ƙarƙashi salin-alin bai kai ba. Hula, ɗankwali, tulin kitso da gashin da aka ɗaure sama ba sa shiga lissafi, ma'aikaci zai danna su a hankali har ya ji kai. A yawancin wuraren Amurka ana awo da takalmi na yau da kullum, a wuraren wasan ruwa kuma ƙafa ba takalmi. Sau da yawa akan auna sau biyu, a bakin layi da kuma gab da hawa, kuma hukuncin na biyu ne ke aiki. Wasu wurare suna auna yaro sau ɗaya da safe su ɗaura masa munduwar takarda mai launi a hannu.

Yara da dama sukan sunkuyar da kai don tsoron bugun sandar, sai su rasa santimita ɗaya ko biyu da suke da su. Gwaji a gida jikin bango, da littafi a kwance a kan kai, yana magance wannan. Mutum kuma ya fi tsawo da safe, domin faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna matsewa da wuni, har a rasa kusan santimita guda zuwa yamma. Yaron da tsayinsa ke daidai kan iyakar awon gara ya fara da lilon da yake so tun da sassafe. Cusa tsumma ko takarda cikin takalmi, ko sa wa yaro takalmi mai tudun dunduniya, yana ƙara tsayin tsaye ne kawai. Da zarar ya zauna, cinyarsa da kafaɗarsa suna nan yadda suke, kuma su ne makarin zai riƙe. Wannan dabara ganganci ce da ran yaro.

Ga iyalin da ƙaraminsu bai kai ba, manyan wurare suna da tsarin musaya: a sanar da ma'aikaci a bakin layi, babba ɗaya ya hau da manyan yara, ɗayan ya jira da ƙaramin, sannan su canza ba tare da sake bin dogon layi ba.

Inda ƙa'idar ba ta isa ba

A watan Agusta 2016 wani yaro ɗan shekara uku ya faɗo daga Rollo Coaster a Idlewild da ke jihar Pensilbaniya. An rufe jirgin, bai dawo aiki ba sai 2018, da sabbin taragai masu bel da ƙarfen cinya. A watan Satumba 2021 wata yarinya 'yar shekara shida ta rasu a Haunted Mine Drop na Glenwood Caverns, jihar Kolorado. Binciken jihar ya gano cewa ta zauna ne a kan bel ɗin da aka bari a kulle, na'urar ta nuna akwai matsala, ma'aikatan suka share gargaɗin suka saki lilon. A watan Maris 2022 wani matashi ɗan shekara sha huɗu ya faɗo daga hasumiyar FreeFall a Orlando ya rasu. Nauyinsa ya wuce kilo 130 da littafin na'urar ya iyakance, kuma an gano cewa an taɓa saitin na'urar da ke tabbatar da kullewar makari, har ta amince da ratar da ta kusa ninka ta ƙa'ida. An rushe hasumiyar a 2023, kuma a shekarar Fulorida ta yi sabuwar doka da ta tsaurara binciken lilo da horar da masu kula da su.

Shi ya sa bayan sandar awo akwai bincike na biyu a kan kujera. Ma'aikaci zai bi mahaya ɗaya bayan ɗaya, ya ja ƙarfen sama da hannunsa ya ji ya kulle, ya ja bakin bel, ya duba cewa ya bi ta kan cinya. Babban da ke zaune kusa da yaro shi ma zai iya dubawa: bayan yaron a jingine, ƙarfen a kan cinyarsa, kuma idan dunƙulen hannu ya shige tsakanin ƙarfe da cinya cikin sauƙi, ya ɗaga hannu ya kira ma'aikaci kafin jirgin ya motsa.