Me ake nufi da kisa a dambe?

Duk mai bin bidiyon dambe a Facebook ko TikTok ya saba ganin an rubuta "wane ya kashe wane a turmin farko". Baƙon wasan kan ji gabansa ya faɗi, alhali wanda aka ce an kashe ɗin ya tashi ya kaɗe ƙura, wataƙila ma yana can yana shan fura.

A bakin 'yan dambe, kisa shi ne ka buge abokin karawarka har ya kai ƙasa. Ba sai ya suma ba. Da zarar gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare, alƙalin wasa ya shiga tsakani. Ana yin wasan ne turmi uku, kuma idan aka gama ba wanda ya faɗi sai a ce babu kisa, a raba su.

Kalmomin dambe da yawa na fagen fama ne. Hannun da aka naɗe da ƙyalle da zare shi ne mashi, ɗayan da ake miƙawa gaba a buɗe shi ne garkuwa, da shi ake tare bugu ana auna tazara. Wanda ya riƙe mashi da garkuwa kuwa, idan ya yi nasara dole a ce ya yi kisa. Asalin wasan na mahauta ne, shi ya sa kalangu, kiɗan rundawa, bai rabuwa da shi. A da sai kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, sannan 'yan dambe su bi gari gari. Yanzu akwai gidajen dambe na dindindin, ga ɓangarori irin su Arewa, Kudu, Jamus da Guramaɗa, har ana sa babur ko mota a gasa.

Da kisa ake yin suna. Shi makaɗi ke jira ya wasa gwaninsa, kamar yadda Ɗan Anace ya yi wa Shago har sunan ya zama gado: yau idan ka ji "Shagon wane", ana nufin yaron wane ne, a hannunsa ya tashi.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu 'yan kallo a nan Gombe da Bauchi, musamman matasan da suka san dambe ta waya, suka ɗauka kisa bai cika ba sai an ɗauki mutum ranga-ranga. Wannan ba al'adar wasan ba ce. Ka'idar taɓa ƙasa ita ce ke kare ɗan dambe, domin tana tsayar da bugu tun kafin a yi ɓarna, kuma wanda ya ƙara wa na ƙasa naushi ya zubar da girmansa ko da shi ya ci. Waɗannan samarin ciyar da iyali suke yi da hannun nan. Don haka masu shirya wasa su daina haɗa ƙaramin yaro da ƙato saboda a samu kisa mai jan kallo, su kuma ajiye ma'aikacin lafiya a gefen fili, wanda zai duba duk wanda ya sha bugu a kai kafin a bar shi ya sake ɗaura zare.