Karatun Gaba da Digiri a Ilimin Nasaba, Tsoffin Takardu da Tamburan Garkuwa a Birtaniya

Wannan karatu ne da ake yi bayan digirin farko, ya haɗa fanni uku: bin salsalar iyali, karanta tsohon rubutun hannu, da sanin tamburan garkuwa da ake gada. Jami'ar Strathclyde da ke Glasgow a Sikotland tana koyar da shi ta intanet a mataki uku: satifiket mai maki 60, difloma mai maki 120, sai mastas mai maki 180 wanda ake rufewa da kundin bincike. A Canterbury da ke Ingila ma akwai cibiyar nazarin tambura da nasaba da Cecil Humphery-Smith ya kafa a 1961.

Abin da ake horar da ɗalibi a kai shi ne kada ya amince da takarda sai ya san wanda ya rubuta ta, da lokacin, da dalilin. Ana farawa daga mutumin da aka sani, a koma baya tsara bayan tsara, ba a tsallake uba ko ɗaya. Gwamnati ta soma rajistar haihuwa, aure da mutuwa a Ingila da Wales ranar 1 ga Yuli 1837, a Sikotland kuwa sai 1855. Kafin nan littattafan coci ne madogara, waɗanda Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry na VIII, ya umarci a riƙa ajiyewa a Ingila da Wales tun 1538. Galibinsu ranar baftisma suke nunawa, wadda kan iya zuwa makonni ko shekaru bayan haihuwa. Ƙidayar 1841 ma tana da nata tarkon: shekarun wanda ya haura 15 an rage su zuwa biyar-biyar, har mai shekara 29 ya koma 25.

Kalanda ce ta fi kayar da sababbin shiga. Har 1752, sabuwar shekara a Ingila 25 ga Maris take kamawa. Shi ya sa za a ga jaririn da aka yi wa baftisma a Disamban 1720 an binne shi a Fabrairun 1720, kamar ya mutu kafin a haife shi, alhali wata biyu ya rayu. Masana kan rubuta 1720/21 don kawar da ruɗanin. Sikotland ta riga ta koma 1 ga Janairu tun 1600.

Fannin rubutu ya fi cin lokaci. Salon da ake kira rubutun sakatare, wanda ya mamaye ƙarni na 16 da na 17, yana juya harafin e har ya yi kama da o, doguwar s kuma sai ka rantse f ce. Haruffan i, n, m da u sukan narke su zama jerin sanduna, dole a ƙirga su ɗaya-ɗaya. Takardun kotu da yawa da Latin suke har 1733. Ga yadda ake aikin: a sa wa kowane layi lamba, a tsinci kalmomin da ba shakka a kansu, daga cikinsu a haɗa abacadan magatakardan da ya rubuta takardar, sannan a kwafe ba tare da gyara masa kuskure ba. Kalmar da ya taƙaita, in an cike ta, sai a nuna haruffan da aka ƙara. Lissafin gado da fam, sule da kwabo yake, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, irin wanda Nijeriya ta bari a 1973.

A fannin tambura ana koyon siffanta garkuwa da kalmomi tsayayyu, yadda mai zane zai fitar da ita ko bai taɓa ganinta ba. Babbar ƙa'ida: zinariya da azurfa ba sa hawa kan juna, haka ja, shuɗi, kore, baƙi da shunayya. Dalilin kuwa a gane tambari daga nesa. Tambari na mutum ɗaya ne da magajinsa. Haɗa sunan gida da wani ba ya ba kowa haƙƙi a kai, duk abin da masu sayar da zane a intanet za su ce. A Landan hukumar tambura ta samu takardar kafuwa daga Sarki Richard na III a 1484. A Edinburgh kotun Lord Lyon, babban jami'in tambura na Sikotland, ita ce ke riƙe da rajistar da aka buɗe a 1672, kuma har yau tana iya gurfanar da wanda ya yi amfani da tambarin da ba a yi masa rajista ba.