Alaƙoƙin azuzuwa a zanen UML

A tsara manhajar kwamfuta bisa tsarin abubuwa, aji shi ne ƙirar da ake fitar da abubuwa masu kama ɗaya daga cikinta, kuma zanen azuzuwa shi ke nuna yadda suke hulɗa kafin a fara rubuta lambar manhaja. Ƙa'idar da aka fi bi wajen wannan zane ita ce UML (Unified Modeling Language), wadda Grady Booch da James Rumbaugh da Ivar Jacobson suka haɗa a kamfanin Rational, ƙungiyar OMG mai tsara ƙa'idojin manhaja kuma ta amince da ita a 1997. Ana zana kowane aji a matsayin akwati mai hawa uku: suna, siffofi, da ayyuka.

Mafi sauƙin alaƙa ita ce hulɗa, wato miƙaƙƙen layi tsakanin akwati biyu, tare da lambobi a bakinsa. A manhajar ajiye bayanan cinikin dabbobi a Kara ta Sakkwato, idan aka rubuta 1 a gefen Dillali, aka rubuta 0..* a gefen Ciniki, ana nufin kowane ciniki dillali ɗaya ne ya ƙulla shi, alhali dillali zai iya ƙulla da dama ko ya wuni bai ƙulla ko ɗaya ba.

Gado kuwa layi ne mai kan alwatika marar cika wanda ke nuni ga ajin uwa: Akuya da Raƙumi duk sun gaji nauyi da farashi daga ajin Dabba.

Inda ɗalibai suka fi rikicewa shi ne bambancin tarawa da haɗin jiki, domin duka biyun alamar daiman suke ɗauka a gefen ajin da ya ƙunshi ɗayan. Daiman marar cika tarawa ce, kamar garke da awakinsa, inda ko garken ya watse, kowace jar akuya tana nan da ranta, tana iya shiga wani garken. Daiman cikakke haɗin jiki ne, kamar rasit da layukan kayan da ke cikinsa, waɗanda ba su da mai su sai rasit ɗaya, kuma da an goge shi sun tafi tare. Ma'anar tarawa ba ta da tsauri a ƙa'idar, shi ya sa masu zane da yawa ke barinta su yi amfani da hulɗa kawai.

Dogaro shi ne mafi rauni, ana nuna shi da kibiya mai tsinke-tsinke, idan aji ya ari wani na ɗan lokaci, kamar Rasit da ke kiran Firinta lokacin bugawa kaɗai.