Maganin 2,4-D ba ƙona ciyawa yake yi ba

A gonakin dawa da masara na kewayen Garwa da Marwa, za ka ji manomi ya ce ya fesa 2,4-D, maganin ya ƙone ciyawa ƙurmus. An daɗe ana faɗin haka, amma ba ƙuna ba ce. Je ka duba ciyawa mai faɗin ganye kwana biyu bayan feshi: kara ya murɗe, ganye ya nannaɗe ya sunkuyo, gaɓoɓi sun kumbura. Girma ne ya wuce ƙima har ya kashe ta.

Tsiro na da sinadarin girma mai suna oksin. A cikin ƙwayoyin jikinsa kuma akwai wasu furotin, Aux/IAA, da suke riƙe da girman kamar linzami a bakin doki. Oksin ba ya gina komai da kansa. Haɗa linzamin yake yi da wani furotin, TIR1, sai a liƙa wa linzamin tambarin yubikwitin, wato wani ɗan furotin da ke nuna abin da za a rushe, injin niƙa furotin na cikin ƙwayar ya ragargaza shi. Linzami ya fita, girma ya kankama. Sai a 2005 aka tabbatar TIR1 ne ke karɓar oksin.

Shi 2,4-D kwaikwayon oksin yake, sai dai ciyawar ba ta iya kawar da shi da wuri, don haka linzamin ba ya samun komawa. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana feshi iska na kaɗawa wajen gonar auduga, domin ɗan ƙanƙanin da ya sauka a kanta ya isa ya lanƙwasa mata ganye.