"Ba su bi matakai ba": abin da kotu ke nufi a rigimar kuɗin wuta

Tun ranar 3 ga Afrilu, 2024, da hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kan kowane yunit, da wuya a taɓo zancen lantarki a rediyo ba ka ji wani ya ce "ai masu ƙarar ba su bi matakai ba". Lauya ya faɗa, ɗan siyasa ya maimaita, mai kiran waya ya ɗora. Abin da ke ba ni haushi shi ne jelar da ake liƙa wa zancen: wai kotu ta ce ƙarin ya yi daidai. Ina ta faɗi haka?

Ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa, MAN, ce ta maka NERC da kamfanonin rarraba wuta a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas. A watan Oktoban 2024 kotun ta yi watsi da ƙarar, dalilinta kuwa an riga malam masallaci. Sashe na 51 na Dokar Lantarki ta 2023 ya tanadi cewa wanda hukuncin hukumar bai yi masa daɗi ba ya fara komawa wurinta ya nemi a sake dubawa, kotu kuma ta ga ƙungiyar ba ta gama bin wannan hanya ba. Iyakar maganar ke nan. Kotu ta ce ba yanzu ba, ba ta ce mai ƙara bai da gaskiya ba. Ƙarar da aka cire bisa irin wannan dalili ana iya dawowa da ita idan an cika sharaɗi.

Sai ruɗani na biyu, wanda ya fi yawa a bakin jama'a. Matakan nan iri biyu ne. Wanda aka kawo wa bil na ƙiyasi da ya wuce hankali, ko mitarsa ta lalace, ko aka saka shi rukunin A alhali ba ya ganin wutar awa 20 da aka yi alkawari, zai fara da sashen ƙorafi na kamfanin da ke ba shi wuta, a rubuce, ya karɓi shaidar shigar da koke. In ba a share masa hawaye ba ya wuce ofishin sauraron koke na NERC da ke yankinsa, daga nan sai hukumar kanta. Amma wanda ke jayayya da farashin gaba ɗaya, ba ruwansa da teburin kamfani, don ma'aikacin da ke zaune a wurin ba shi ya yanka farashi ba.

Hujjar masu wannan tsari tana da nauyi. Farashin wuta lissafi ne da ya haɗa canjin dala, hauhawar farashi, kuɗin iskar gas da asarar da ake yi a kan layi. Alƙalin da ke sauraron shari'ar fili da safe ba a nan ya ƙware ba, gara masana su fara tacewa, takardu su taru, sannan ya duba ko an bi doka. Na yarda. Inda nake tsayawa shi ne wanda za ka kai wa kukan shi ne ya sa hannu a takardar ƙarin, kuma shigar da koke ba ya hana mita cin yunit a sabon farashi. Babbar masana'anta na da lauyoyin da za su jure zirga-zirga. Mai walda da mai injin niƙa fa?

Yanzu ma matakin farko ya ƙara rikicewa, domin dokar 2023 ta ba jihohi damar kafa nasu hukumomin. Enugu ta karɓi nata ikon, har hukumarta ta sauke kuɗin rukunin A zuwa naira 160 daga Agustan 2025. A irin waɗannan jihohi, wanda ya kwashi takardunsa zuwa NERC kan wutar cikin jiha, hukumar jiharsa za a nuna masa.