Jaririn da bai yi baƙin kashi ba har kwana biyu

Iyaye mata da kakanni da ungozomomi, don Allah ku ba ni aron kunnuwanku. Wannan baƙin kashin mai danƙo da jariri ke fara yi, galibi a ranar farko yake fitowa. In har an kai awa 48 shiru, ciki ya fara kumbura, yaro ya ƙi kama nono ko yana amai kore, to ba maganar jiƙo ba ce, kuma kar a kira wanzami ya yi masa tsaga a ciki. A kai shi asibiti a ranar.

Ɗaya daga cikin abin da ke kawo haka shi ne cutar Hirschsprung, sunan wani likitan yara ne ɗan Denmark da ya yi bayaninta a 1886. Da ita ake haihuwar yaro, wajen ɗaya cikin 5,000, kuma maza sun fi mata samu kusan ninki huɗu. Ƙarshen babban hanji ne ke zuwa babu jijiyoyin da ke sa shi motsi, sai wurin ya tsuke, kashi ya yi ta taruwa a samansa. Wani yaron ma ba ya nunawa da wuri, sai ka gan shi ɗan shekara uku ciki tirtsitsi, ƙafafu sirara, sai an ɗura masa ruwan sabulu ta dubura yake kashi, ana ta cewa basir ne ko ai haka babansa ma ya yi yana ƙarami.

Na san abin da ke tsorata mu, da an ce tiyata sai kowa ya hango an farke cikin jariri. A da kam haka ake yi. Amma tun 1995 likita Georgeson a Amurka ya nuna ana iya yi ta ƴan ƙananan huji, a zura kyamara siririya ana kallo a allo, a cire ɓangaren da ba ya aiki a jawo mai lafiyar a ɗinke shi daf da dubura. A 1998 kuma likita De la Torre a Meziko ya kawo hanyar yin aikin ta duburar kanta, ciki ko tabo babu. Ciwo ya fi sauƙi, yaro kan koma shan nono da wuri, zaman asibiti ma ya ragu.

Sai dai fa wanda aka kawo a makare, hanji ya riga ya buɗe ya zama ƙato ko yaro ya galabaita, sau da yawa dole a fara fitar masa da hanji ta gefen ciki ya riƙa kashi ta nan na wasu watanni kafin a yi babban aikin. Kun ga aiki ɗaya ya koma biyu ko uku, ga kuɗi ga wahalar uwa.

Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da likitocin tiyatar yara, sukan yi hoton hanji su kuma ɗan tsinki naman cikin dubura a auna kafin a tabbatar, su ne za su ce wace hanya ta dace da ɗanki.

Ko bayan aiki, in kin ga zazzaɓi da kumburin ciki da zawo mai wari sosai, kar ki ce bari gari ya waye, yana iya zama kumburin hanji ne, kuma yana kisa. Ki ɗauko shi ko da tsakar dare ne.