Aikin Binciken Samfuran Tattalin Arziki kan Sauyin Yanayi da Makamashi

Wannan fage ne da masana ke gina samfurin lissafi a kwamfuta domin kiyasta abin da manufar gwamnati za ta haifar tun kafin a aiwatar da ita. Idan aka ɗora haraji kan hayaƙin kabon, ko aka rufe tashoshin lantarki masu aiki da kwal, nawa za a kashe, wa zai ɗauki nauyin, kuma ɗumamar duniya za ta ragu da nawa? Irin tambayoyin da ma'aikacin wannan fage ke kwana yana tashi da su ke nan.

William Nordhaus na Jami'ar Yale yana cikin waɗanda suka share hanya. A farkon shekarun 1990 ya fito da samfurin DICE, wanda ya haɗa bunƙasar tattalin arziki da hayaƙi da zafin duniya a lissafi ɗaya, kuma wannan aiki ne ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2018, tare da Paul Romer.

Yawancin masu shiga fagen sun karanci tattalin arziki ne, ko injiniyanci, ko lissafi, sannan su yi digirin digirgir, su biyo da 'yan shekaru na bincike bisa kwantiragi kafin su sami kujerar dindindin. Ana samun su a jami'o'i da ma'aikatun gwamnati, da cibiyoyi irin su IIASA a Ostiriya, mai samfurin MESSAGE, da PIK a Potsdam ta Jamus, mai REMIND, da Hukumar Makamashi ta Duniya da aka kafa a Faris a 1974. Kwamitin IPCC na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, wanda aka kafa a 1988, yana tattara sakamakonsu cikin rahotanninsa.

Aikin yau da kullum na buƙatar haƙuri. Mai bincike kan shafe makonni yana daidaita alƙaluman ƙasashen da ma'auninsu ya sha bamban, ya rubuta manhaja da harshen kwamfuta irin su GAMS ko Python, ya bar kwamfuta tana aiki dare guda, da safe ya tarar lissafin ya cije saboda lamba ɗaya da ta shiga ba daidai ba.

Sai dai ainihin nauyin aikin yana wajen zaɓen zato, wato abubuwan da ake ɗauka a matsayin tushen lissafin. Babban misali shi ne darajar da ake bai wa asarar da za ta faɗa kan jikoki. Rahoton da Nicholas Stern ya shirya wa gwamnatin Birtaniya a 2006 ya rage darajar asarar da za ta zo nan gaba da kimanin kashi 1.4 cikin 100 a shekara, Nordhaus kuwa ya ɗauki kashi 4 ko fiye. Tazarar kamar ba komai ba ce, amma asarar dala 100 da za ta auku bayan shekara ɗari tana daidai da dala 25 a yau bisa ma'aunin farko, bisa kashi 4 kuwa dala 2 kacal. Shi ya sa Stern ya nemi a gaggauta rage hayaƙi, Nordhaus ya ce a bi sannu a hankali. Saɓanin na adalci ne tsakanin na yau da na gobe, kuma kwamfuta ba ta iya raba wannan gardama.

Fagen ya sha suka daga cikin gida. A 2013 Robert Pindyck na jami'ar MIT ta Amurka ya yi zargin cewa samfuran na nuna daidaiton da ba su da shi, musamman wajen kiyasin ɓarnar da sauyin yanayi zai jawo. Da yawansu kuma ba su hango yadda farashin lantarkin hasken rana zai faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020 ba. Sukar tana da tushe, kuma ta taimaka wajen sa cibiyoyi da dama buɗe manhajojinsu ga kowa ya duba, yayin da dandalin Energy Modeling Forum na Jami'ar Stanford, tun 1976, yake bai wa samfura daban-daban tambaya ɗaya don a ga inda amsoshinsu suka rabu.